Maganin Mutum Ɗaya

Markar bana ta ƙi ɗagawa. Tun da watan nan ya kama ban ga rana ta fito sosai ba, sai dai ta leƙo ta koma. Jinkar ɗakina ta fara yoyo ta wajen ƙofa, jikata ta ajiye ƙwarya a ƙarƙashi, ni kuwa ina zaune bakin gado ina jin ɗigon yana sauka. Zannuwa duk sun yi warin danshi, gishiri ya narke a kasko. Yaran gidan nan murna suke yi, suna ta tsalle a tsakar gida, iyayensu na cewa bana dawa za ta yi. Ni ma ina cewa Allah ya sa. Amma duk sanda sama ta rufe haka ta ƙi buɗewa, jikina ne kawai a gidan nan. Hankalina yana can garinmu na haihuwa, a shekarar da ciwona ya fara, ina yarinya ko ƙirgar dangi ban soma ba.

Ƙaramin gari ne mai ganuwa, tsakanin Bakori da Malumfashi. Idan gari ya yi haske, daga tudun gonarmu ana hango duwatsun Funtua. Zamanin hari ne, mahaya daga Maraɗi kan sauko su kwashi mutane da dabbobi, don haka babu mai kwana bayan ganuwa sai Maguzawa, su da ke zaune a manyan gidajensu cikin daji da kwari da baka. Yanzu ina ganin mutane na kafa bukkoki a gona suna kwana, sai in riƙe baki.

Mu huɗu ne a gida: Baba, Inna, ni, da Baffa Sale ƙanin Baba, wanda matarsa ta rasu bai sake aure ba tukuna.

Baba yana da farfaɗiya tun yana saurayi, duk garin an sani. Akwai tabon ƙuna a hannunsa na hagu, na faɗuwar da ya taɓa yi a bakin murhu kafin a haife ni. Ba ya hawa rumbu, ba ya hawa itace, ba ya leƙa rijiya. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa. Akushinsa daban, moɗarsa daban, domin mutane sun ɗauka duk wanda kumfar bakin mai ciwon ta taɓa, shi ma ya kamu. Inna ce kaɗai ba ta damu ba, da gefen zanenta take share masa baki. Ban da wannan, manomi ne da ake kwatance da shi. Ranar gayya samari ba sa son a haɗa su kunya da shi, don sai ya kai ƙarshe ya juyo suna tsakiya.

Abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa wani gari ne mai ruwan ƙasa, a cikin ɗan gora mai marfin fata da ke rataye saman shimfiɗarsa. Wata tsohuwa Bamagujiya ce ke haɗa masa, sunanta Gwamma, gidansu yana hayin kogi. Saiwar sanya ce da wasu saiwoyi da ita kaɗai ta sani. Sai ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe take tono su, ta shanya a inuwa, ta daka. Kowace kaka Baba kan kai mata damin gero da ɗan gishiri, ta cika masa goran, ya kai shi har wata kakar. Safe da yamma Inna kan ɗebi abin da kan yatsunta suka kama ta kaɗa masa a kunu. Liman ya san da zancen. Shi ke yi wa Baba rubutu, kuma shi ya ce masa, "Sha duka biyun, magani na Allah ne ko a hannun wa ya fito." Muddin Baba yana sha, sai a shekara bai faɗi ba.

Shekarar da nake faɗa, tun daga bara aka fara ta da rauni. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba, rumbunmu bai wuce rabi ba. Bazara ta zo da zafi irin wanda kaji ke buɗe baki a gindin darni. Inna tana da ciki, bayan shekaru tana haihuwa ana binnewa. Tun kafin ruwan fari ta fara rage tsabar da take zubawa a turmi.

Ranar da aka yi ruwan shuka kowa ya fita. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina binnewa da diddige. Ƙasa tana ta ƙamshi. Muna tsakiyar gona na ji wani ƙauri, kamar gashi ya faɗa wuta. Na duba ban ga hayaƙi ba. Muryoyin mutanen gonar maƙwabta suka yi nisa, kamar daga cikin rijiya suke magana. Na buɗe baki in kira Baba.

Abin da na sani bayan wannan, ina kwance, bakina cike da ƙasa da jini, zanena a jiƙe, irin da ke ƙwaryata ya watse. Matan gonar maƙwabta suna tsaye can nesa, kowace ta riƙe hannun ɗanta gam. Baba yana durƙushe a kaina. Ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, "Ke" yake cewa ko "Yarinya". Ranar nan na ji shi yana cewa, "Hajara. Hajara. Gani nan."

Ya goya ni zuwa gida. Inna na ganin bakina ta gane, ta zauna daɓas a kan turmi.

Baba ya ce, "Nawa ne, Rabi. Ni na ba ta."

Ta ce, "Allah ne ya ba ta, Malam. Sauke ta in wanke mata baki."

Kafin shuka ta fito na sake faɗuwa, a bakin randa, sannan na kuma a zaure. Ƙawayena suka daina zuwa kirana wasa. Aka ware mini ƙwarya, aka hana ni zama kusa da murhu, aka hana ni zuwa rijiya. Inna ta fara raba abin da take ɗiba daga goran kashi biyu, rabi a kunun Baba, rabi a nawa. Ɗacinsa har cikin kunne, ƙamshinsa kuwa yana hawa kai. In na sha sai harshena ya yi nauyi, in yi ta hamma. Faɗuwar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Shi ma Baba ya fara tsayawa cak a tsakiyar magana, ido a kafe, sai an taɓa shi ya dawo.

Da aka gama noman fari ya ce in shirya mu je wurin Gwamma. Kogi iya gwiwa ne a lokacin. Muka isa da hantsi, karnuka suka tare mu, ƙamshin giyar da ake dafawa ya cika gidan. Gwamma 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, da tsaga har wuya. Ta gwale mini ido, ta duba harshena, ta tambaye ni abin da nake ji kafin in faɗi. Sannan ta karɓi goran ta girgiza a kunnenta, ta buɗe ta leƙa.

Ta ce, "Rabawa kuke yi."

Baba ya ce, "Don shi na zo, Iya. A ƙara mana."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata tukunya, ta kife ta a faifai ta bubbuga. Abin da ya zubo bai cika tafin hannu ba. Ta juye a goran.

"Iyakarsa ke nan. Wanda na tona bara duk an karɓe."

"To a tono sabo. Ni zan yi tonon."

"Saiwar damina? Ruwa ce zalla. In ba ta yi banza ba, to ta yi kisa. Na taɓa gani, ba na son in sake." Ta miƙa masa goran. "Ka ji ni da kyau. Wannan na mutum ɗaya ne zuwa kaka. Rabi-rabi ba ya riƙe kowa, sai ku ƙarar da shi ku biyu kuna faɗuwa. Nata sabo ne, da zafinsa ya zo. In ba a danne shi yanzu ba, zai iya cinye mata hankali. Kai kuma jikinka ya saba. Wanda ya saba in ya yanke, ciwon da fushi yake dawowa."

"To wa zai sha?"

"Ni ba zan zaɓa muku ba," in ji ta. Ta koma wajen tukunyarta.

Muka juyo gida ni da Baba. Da za mu haye kogi ya kama wuyan hannuna da ƙarfi, har sawun yatsunsa ya wuni a jikina.

Washegari da safe suka yi ta da Inna. Ina bayan rumbu ina tsince tafasa, ina jinsu.

Inna ta ce, "In ka kwanta wa zai noma? Ka dubi cikin nan. Ita tana gida, ina ganinta, in ta faɗi a gabana za ta faɗi. Kai kuwa gona kake zuwa."

"Ga Sale nan."

"Sale inuwarka ne da zai bi ka ko'ina?"

"Rabi, ni na ga iyakar nawa. Ya ƙona ni, ya kunyata ni a kasuwa, ga ni nan ban mutu ba. Nata ba mu san inda zai tsaya ba. Kin tuna ɗan gidan maƙera? Da hankalinsa aka haife shi."

Na san yaron. Yana yawo a gari da yawu a ƙirji, ko sunansa ba ya amsawa.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma ta kawo kunu, ta ajiye wa kowa nasa. Baba ya ɗaga ƙwaryarsa zuwa baki, ya tsaya, ya shinshina. Ƙamshin sanya ba ya ɓuya. Ya dubi Inna, ita kuwa ta dubi ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini ƙwaryar ya ɗauki tawa, ya ga ita ma da shi a ciki, ya ajiye ta gefe ya ce a rufe, da safe in sha. Ranar nan da cikinsa wayam ya kwanta.

Na ce masa, "Baba, ni ba na so, ɗaci gare shi. Kai ka sha."

Ya ce, "Ɗacin ne aikin. Shanye."

Inna ba ta sake gwadawa ba.

Sai marka ta shigo. Ban taɓa ganin irinta ba, sai ko ta bana da ta ɗan kama hanya. Ba ruwa ne mai tsawa da iska ba. Yayyafi ne mai nacin tsiya, a wayi gari da shi a yini da shi, ya ɗan tsagaita ka ɗauki fartanya, kafin ka kai ƙofar gari ya dawo. Katangun gidaje suka fara narkewa suna zubewa. Kwaɗi har cikin ɗaki. Itace ya jiƙe, ƙyastu ya ƙi kamawa, gidan da wutarsu ta mutu sai su yi ta yawo da kasko suna neman garwashi. Idanun mata duk sun yi ja don hura ɗanyen itace.

Rumbunmu ya ƙare ana tsakiyar maimai. Baffa Sale ya shiga ya share ƙasansa, ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba, rabi tsaba rabi kashin ɓera. Muka koma kan ƙanzon da Inna ta tara tun rani, da ya ƙare muka koma dusa. Tafasa da rama da yaɗiya su ne tuwo su ne miya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri in akwai. Ciki ya cika amma ƙafafu na rawa. Gero yana tsaye a gona kore shar, ya fitar da kai, amma babu ranar da za ta nuna shi. Mutum ya tsaya yana kallon abinci da idonsa, yunwa na cinsa.

Gwamma ta riga ta ce kada a sha maganin nan in babu komai a ciki. Saboda haka duk ɗan garin da aka samu, ni ake dama wa. Inna mai ciki, da maza biyu masu noma, suna cin ganye, ni ina shan kunu. Faɗuwata ta tsaya cak. Kaina ya washe, har kumatu na fara yi. Ina jin kunyar kumatun nan, in zan wuce gaban Baffa sai in sunkuyar da kai.

Na Baba kuwa ya dawo yadda Gwamma ta faɗa. Na farko a zaure ya same shi, ya fasa goshi a dokin ƙofa. Na biyu a gona, Baffa ya tare shi kafin ya faɗa kan garma. Daga nan aka daina lissafi. Wata rana sau biyu. Kowace faɗuwa sai ta tafi da wani abu nasa. Na taɓa ganinsa tsaye a tsakar gida da fartanya a hannu yana jujjuya ta, kamar bai san ta mece ce ba. Wata rana ya tayar da salla ya tsaya a tsakiyar Fatiha, ya yi ta tsayuwa, har Baffa ya matso bayansa ya ɗora masa. Amma da zarar ya farfaɗo ya huta, sai ya saɓi garma. Baffa bai taɓa barinsa shi kaɗai ba, ko bayan gari zai zaga yana biye.

Cikin wannan hali Inna ta haihu, namiji, da ransa da kukansa. Babu itacen wankan jego. Baba ya cire darnin bayan gida ya ƙona, ya bi da tsofaffin sandunan rumbu, yana dafa ruwa da ganyen tsamiya da kansa, Baffa na tsaye tsakaninsa da wutar. Aka raɗa suna ba yanka, aka ce sai kaka. Maƙwabta suka kawo abin da suka iya, wata tsaba cikin ludayi, wata ɗan kanwa. Baba ya ɗauki yaron yana zaune a ƙasa, Inna ta tallabe ta ƙarƙashin hannunsa. Bai yarda ya ɗauke shi a tsaye ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki ganuwa ta zube ta gabas, giɓi babba, har doki zai iya shiga. Mahara ba su cika zuwa da damina ba, amma mai gari ya ce ba za a kwana da giɓi ba, kowane namiji ya fito. An ɗauke wa Baba, tunda ba ya hawa. Baffa Sale kuwa dole.

Da zai fita ya ce, "Yaya, don Allah yau ka zauna gida."

Baba ya ce, "Je ka, ina nan."

Da niyyar zama ya faɗa, na tabbata. Amma da hantsi wani maƙwabci ya leƙo zaure ya ce ya biyo ta fadama, ruwa ya kwanta a gonarmu ta dawa, har ya haura kunya. Gonar nan ita ce duk abin da muke sa rai da shi, don ta tudu yashi ya binne rabinta. Baba ya zauna, ya tashi, ya leƙa sama, ya sake zama. Can ya ɗauki fartanya ya yafa buhun kaba a ka.

Inna ta ɗaga murya daga ɗaki. "Malam, ka jira Sale."

"In ruwan nan ya kwana a gindinta ruɓewa za ta yi. In ta ruɓe me za ki ci ki shayar da yaron nan? Hanya kawai zan sara masa in dawo."

"To jiya fa ka faɗi."

"Shi ya sa yau zai bar ni."

Na ce, "Baba, in bi ka?"

Ya ce, "Ke da bakin ruwa? Zauna wajen uwarki."

Ya fita. Ina ganin bayansa ta ƙofar zaure, buhun kaban yana ɗiga, ƙafafunsa sun rame kamar kara.

Azahar ta yi bai dawo ba. Inna ta kasa zama, ta fito tsakar gida cikin ruwa da ɗanyen jikinta, ta koma. Ta ce, "Ruga ganuwa ki kira Baffanki." Na ruga. Na same shi can sama, taɓo har gira, ana miƙa masa curin ƙasa. Yana ganina bai tambayi komai ba, ya diro. Ya yi yamma da gudu, ina biye ina zamewa ina tashi, wasu maza suka biyo mu.

Daga kan tudu na hango gonar. Baba ya gama aikin. Ya sara hanya mai kyau tun daga tsakiyar gona har rafi, ruwan yana bi yana fita, kunyoyi sun fito, dawa na tsaye. Fartanyarsa tana kafe a kan kunya. Shi kuma yana kwance rubda ciki a kwarin da ke gefenta, fuskarsa a ƙasa, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa.

Sanda muka isa, ruwan da ke kwarin ko bayan hannu ba zai rufe ba. Ban san yadda yake ba sanda ya faɗi. Ƙila ya kai idon sawu. Da da mutum a kusa, ko yaro ne, juya masa kai kawai zai yi.

Baffa ya birkito shi, ya sa bakin rigarsa yana kwashe masa taɓo daga baki da hanci, yana kira, "Yaya. Yaya." Ya daɗe yana yi. Mazan da suka biyo mu suna tsaye a bakin gona, babu wanda ya shigo. Baffa ya ɗago ya dube su, ya daka musu tsawa da muryar da ban san yana da ita ba.

"Ku zo ku kama mana! Babu kumfa, ruwa ya wanke!"

Babu wanda ya motsa, sai da Liman ya iso yana haki, ya tattare rigarsa ya shiga taɓon ya kama ƙafafun. Sannan sauran suka shigo.

Kafin la'asar sakaliya aka kai shi. Baffa ya ce kabarin yana cika da ruwa ana kwarfewa da ƙwarya, sai da aka shimfiɗa kara. Inna ba ta yi kururuwa ba. Tana zaune da jariri a cinya, ga jego ga takaba, mata na shigowa suna fita. Da rana ta yi sanyi ta miƙa yaron ga wata, ta tashi ta sauko da goran, ta dama kunu, ta kaɗa, ta kira ni.

Na ce ba zan sha ba. Na ture ƙwaryar har ya ɗan zube.

Inna ba ta taɓa dukana ba, ranar ma ba ta doke ni ba. Ta kama haɓata ta matse, ta kawo fuskarta dab da tawa.

"Wallahi sai kin sha. Kin san abin da aka bayar a kansa."

Na sha. Ta sa yatsa ta kwashe wanda ya zube a tabarma ta sa mini a baki.

Tun daga ranar ban taɓa tsallake maganin ba, kafin Gwamma ta rasu ta nuna mini saiwoyinsa. Na yi aure ina shansa, na haifi 'ya'ya, babu wanda ya gado ciwon, na ga jikoki. Faɗuwar da na yi a duk tsawon rayuwata ba ta kai wadda Baba ya yi a markar nan kaɗai ba. Mutanen gidan nan da ni suke cin tuwo a akushi ɗaya, ƙananan ma ba su san ina da wani ciwo ba, sun ɗauka kunun tsofaffi ne mai ɗaci. Abu ɗaya ne ya canza. A da, in ciwon zai zo, ƙaurin gashi nake ji. Tun daga shekarar nan sai ya koma ƙamshin taɓon fadama, da ƙarar fartanya tana sara can nesa. In na ji sai in nemi wuri in kwanta a gefena.

Ba a yi sadakar bakwai ba marka ta ɗaga. Rana ta fito fes, kamar ba ita ba. Gero ya nuna, yara suka cika gari da tumu, ana gasawa ana murzawa, baki duk baƙi. Baffa ya kawo mana, muka ci muna kuka. Goran ya kai ni har ruwa ya ɗauke, ranar da Baffa ya raka ni hayi sai da aka ɗauraye cikin goran aka ba ni ruwan. Gwamma ta dube ni, ta dubi Baffa, ta dubi hanyar da muka biyo. Baffa ya gaya mata. Ta karɓi goran ta cika shi har baki. Damin geron da muka kai kuwa ta ce mu koma da shi a ba mai jego.

Dawar fadama ta yi irin yin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Zangarniya sai ta rinjayi kara. Aka yi mana gayya aka girbe, amma aka bar kunyoyi biyun nan na gefen kwarin da Baba ya faɗi a tsaye. Babu wanda ya ce a bari, kowa dai ya zo wurin sai ya kauce. Baffa da kansa ya kasa. Ya ce wa Inna a bar wa tsuntsaye.

Inna ba ta fita takaba ba tukuna. Ta goya yaron, ta ɗauki wuƙa da kwando, ta ce in biyo ta. Mutane na kallonmu har muka fita ƙofar gari. Ta shiga kwarin nan da ƙafarta, ƙasar ta bushe ta tsattsage, ta bi kara ɗaya-ɗaya tana tanƙwarowa tana yankewa, ina tarawa. Ba ta bar ko zangarniya ɗaya ba. A gida ta sussuka da kanta, ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka. Ta zuba wa Baffa, ta zuba mana.

Baffa ya zauna yana kallon akushin, hannunsa a gwiwa.

Inna ta yanki loma ta kai baki, ta haɗiye. Ta ce, "Ku ci. Don a ci ya fita."

Muka ci.